Yadda Ake Hasashen Ranar Zafi Mai Haɗari a Garuruwan Bakin Teku, Kana Zaune a Zariya

Ni malamin labarin ƙasa ne a nan Zariya, kuma na daɗe ina ajiye littafin yanayi tare da ɗalibaina. Amma ban fara bin zafin Kurmi kullum ba sai da ƙanena, wanda yake bin motar tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ya bugo mini waya wata rana cikin Maris muryarsa na rawa. Yaron motarsu ya yanke jiki ya faɗi suna tsakiyar sauke kwanduna. Ya ce, "Yaya, abin ya ɗaure mini kai. Waya ta nuna 33 ne kawai fa. Mu da muka baro 38 a gida?" Allah ya sa yaron ya tashi. Tun daga lokacin, duk sanda za su yi lodi sai na duba musu, har abin ya kai direbobin tasharsu ma suna tambaya.

Abin da ya yaudare su shi ne lambar da waya ta nuna. Dubi randar ɗakin mahaifiyarka a bazara: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, busasshiyar iska na ɗauke shi, na ciki yana yin sanyi ƙarara. Haka jikin mutum yake da gumi. A Zariya cikin Maris kana zufa tana bushewa, sai farin gishiri a bayan riga. A Legas ko Fatakwal iska ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, zufa na zuba sharkaf amma ba ta bushewa, don haka ba ta sanyaya komai. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan. Saura aiki ne.

Kayan aiki

Ma'aunin zafi na gilashi guda biyu, iri ɗaya, masu kaiwa digiri 50 ko fiye. Ana samunsu a shagunan kayan gwaje-gwajen makarantu. Kada ka sayi na asibiti, wanda ake sa wa a hammata, domin daga kusan 35 zuwa 42 kawai yake karantawa.

Lagwani na auduga zalla. Farar igiyar takalmi ta auduga ta fi komai, don tana da rami a ciki, sai ka zura wa ma'aunin kamar safa. In babu, yago gefen tsohon farin ƙyalle. A wanke shi a ɗauraye sosai, kada a bar sabulu ko sitati.

Ƙaramar kwalba da ruwa mai tsabta. Ruwan sama da aka tara ya fi. Ruwan rijiya yana barin ɓawo a lagwani ya hana shi shan ruwa.

Akwatin katako mai ƙofofin iska a kowane gefe, da farin fenti. Ba ka da shi? Kwandon kaba da aka kife a ƙarƙashin inuwar mangwaro yana yi.

Sai mafici, littafi da biro, da waya mai ɗan data. Wanda ba zai iya sayen ma'auni ba ya tsallake mataki na 2, waya kaɗai za ta kai shi.

1. Fara da sanin lokacin da haɗarin yake zuwa

Iska biyu ke rabon Najeriya. Ta hunturu tana sauko wa daga arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura. Ta teku tana haurowa daga kudu maso yamma ɗauke da laima. Inda suke karo akwai iyaka, kuma iyakar tana tafiya: a Disamba da Janairu tana can kusa da bakin teku, sannan ta yi ta haurowa arewa har Agusta.

Ga Legas, Warri, Fatakwal da Kalaba, mugun lokacin shi ne Fabrairu zuwa Afrilu. Hazo ya janye, laima ta dawo, ruwan teku ya ɗumama, ruwan sama kuma bai kankama ba balle gajimare ya tare rana. Haka aka gani a Fabrairun 2024, lokacin da zafi mai laima ya rufe gaɓar Afirka ta Yamma, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta yi ta fitar da gargaɗi, a gasar cin kofin Afirka ta Kwaddibuwa ma ana tsayar da wasa don 'yan ƙwallo su sha ruwa.

Mu ma a Zariya muna da namu ɗan rabon. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, idan iskar teku ta iso amma damina ba ta zauna ba, shi ne lokacin da ake cewa gari ya yi gumi, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, yara su cika da ƙurajen zafi. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa ka koyi aikin, don za ka ji a jikinka abin da lambobin suke faɗa.

2. Kafa ma'aunanka, ka koyi karanta su

Da farko jera su biyu a inuwa na minti 15. In sun nuna lamba ɗaya, madalla. In akwai bambancin rabin digiri, rubuta shi a bangon littafi ka riƙa gyarawa. In ya wuce digiri ɗaya, mayar wa mai shago.

Rataye su a cikin akwatin, tsayin ƙirjinka daga ƙasa, wato mita ɗaya da rabi. Ɗaya ka bar shi haka, shi ne busasshe. Ɗayan ka zura wa gindinsa lagwani, ka tsoma jelar lagwanin a kwalba, shi ne jiƙaƙƙe. Gindin ma'aunin kada ya taɓa ruwan kwalbar, lagwani ne zai kawo masa.

Wurin da ka kafa shi ne rabin aikin. Shekarar farko mun rataya namu a jikin bangon aji ƙarƙashin rufin kwano, muka yi ta samun 43 muna mamaki, ashe zafin kwano da bulo muke aunawa. Nisanta da bango, da kwalta, da madafa, da janareto. Rana kada ta taɓa gilashin ko da na minti ɗaya.

Kafin ka karanta, yi wa jiƙaƙƙen fifita na minti biyu zuwa uku har ya daina sauka. Karanta shi da sauri kafin numfashinka ya ɗumama shi, sannan ka karanta busasshen. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. Idan zafi yana tsakanin 30 da 35: tazarar digiri 2 na nufin laima kusan kashi 86 cikin ɗari, 3 kusan 80, 4 kusan 74, 5 kusan 68, 6 kusan 62, 8 kusan 52, 10 kuma ɗan sama ko ƙasa da 40. A tsakar ranar Maris a Zariya tazarar takan wuce 15. Ranar da ka ga ta fara matsewa zuwa 8, zuwa 6, to baƙuwar iska ta iso.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bushewar lagwani. Sai ma'aunan biyu su yi daidai, mutum ya ce laima ta kai ɗari. Taɓa shi da yatsa kowane lokaci, kuma ka sauya shi duk mako biyu, don ƙura na toshe shi.

Karatu sau biyu ya isa: bayan sallar asuba da gari ya waye, da kuma tsakanin ƙarfe 2 da 3 na rana. Ka tsaya a kan lokaci ɗaya kullum.

3. Nemo ma'aunin garin da mutanenka za su

Ma'aunin gidanka ba zai faɗa maka halin Legas ba. Amma kowane babban filin jirgin sama yana fitar da rahoton yanayi ga matuƙa, yawanci duk awa, kuma kowa na iya gani. Sunansa METAR. Rubuta METAR a Google tare da lambar filin: DNMM na Legas, DNPO na Fatakwal, OEJN na Jidda. Don kwatanci, DNKN na Kano ne. Za ka ga layi mai kama da wannan, wanda na tsara don misali:

DNMM 141300Z 21008KT 9999 SCT012 33/26 Q1009

Kada yawan haruffan ya tsorata ka, abu uku kawai kake nema. 141300Z: ranar 14 ga wata, ƙarfe 13:00 agogon GMT, ka ƙara awa ɗaya ya zama ƙarfe 2 na rana a Najeriya, awa uku in Saudiyya ce. 21008KT: iska daga kudu maso yamma, wato daga teku, lambobi biyun ƙarshe kuma ƙarfinta ne, in ka ga 02 ko 03 iska ta kwanta. Sai 33/26, wanda shi ne zuciyar rahoton. Lambar farko zafin iska. Ta biyu ita nake kira makin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin ruwan cikinta ya fara sauka a matsayin raɓa. A manhajojin waya irin Windy za ka same shi da sunan Dew point.

Kullum duba lokacin rahoton. Wani zubin tsohon rahoto ne na jiya ya maƙale.

4. Riƙe makin raɓa, ka saki kason laima

A nan nake so ka nutsu, don a nan ne masu koyo suka fi ɓata. Kason laima da waya take nunawa yana hawa da sauka a yini ɗaya ko da ruwan da ke cikin iska bai canja ba. Da asuba zai nuna 90, da azahar 60. Wani ya ga 90 da safe ya haɗa da zafin rana na 34, ya fitar da lambar da babu ita a duniya, ya tayar da hankalin mutane a banza. Wani kuma ya ga 60 da rana ya ce ai da sauƙi. Makin raɓa shi ba ya wannan rawar. In ya kwana a 25, da wuya ya yi nisa da 25 da rana, sai dai in wata iska ta shigo. Shi ya sa da shi ake hasashe.

Ga yadda nake karanta shi. Ƙasa da 15, iska busasshiya ce, irin tamu. 20 zuwa 23, jiki zai yi danƙo. 24 zuwa 25, zufa ta fara kasa aiki. 26 zuwa sama, in aka haɗa da zafin 32 ko fiye, ranar ba ta ɗaukar kaya a rana ba ce.

Don samun kason laima na tsakar rana: cire makin raɓa daga zafin, ka ninka da 5, ka cire daga 100. A misalinmu, 33 a cire 26 saura 7, sau 5 ya zama 35, daga 100 saura 65. Laima kusan kashi 65. Wannan lissafi na aiki ne kawai idan amsar ta wuce 50, don haka kada ka yi shi da lambobin Zariya na hunturu. Wanda yake da ma'auni a gida zai iya juya shi: laima 70 a zafin 32, cire 70 daga 100 saura 30, raba 5 ya ba da 6, cire 6 daga 32, makin raɓa 26.

5. Fitar da zafin da jiki zai ji

Akwai jadawalin da hukumar yanayi ta Amurka take amfani da shi, wanda aka gina a kan aikin wani masani Robert Steadman na 1979. Kwafi waɗannan a shafin farko na littafinka:

Zafi 30: laima 60 jiki na jin 33, laima 70 yana jin 35, laima 80 yana jin 38.
Zafi 32: laima 60, 37. Laima 70, 40. Laima 80, 44.
Zafi 34: laima 50, 38. Laima 60, 42. Laima 70, 47.
Zafi 36: laima 40, 39. Laima 50, 43. Laima 60, 48.
Zafi 38: laima 40, 43. Laima 50, 49.

Daga 32 zuwa 39 a yi hattara sosai. Daga 39 zuwa 51 haɗari ne. Sama da haka kuwa sai dai a nemi tsari. Misalinmu na 33 da laima 65 yana faɗawa wajen 42. Kwatanta da ranar Maris a Zariya mai zafin 37 da makin raɓa 5: jiki na jin kusan 35. Ka ga amsar tambayar ƙanena.

Jadawalin na mutumin da ke inuwa ne, iska na ɗan kaɗawa. A tsakiyar rana ƙara har digiri 8. Ɗan dako da ke ɗauke da kwando a kai, ko direban da ke cikin kan mota a cunkoson Apapa, ba 42 yake ji ba.

Jiƙaƙƙen ma'auni ma da kansa gargaɗi ne. An daɗe ana cewa 35 ce iyakar da jiki zai iya ɗauka, amma gwajin da aka yi a jami'ar Penn State ta Amurka ya nuna matasa masu lafiya ma sun fara kasawa tun wajen 31. Ni in ya kai 28 nake fara kiran mutane.

6. Hasashen gobe da jibi

Duk abin da ya gabata awo ne, yanzu za a yi hasashen. Da daddare nake yi, bayan isha'i. Ɗauko makin raɓa na yau daga rahoton filin jirgi. Ɗauko mafi girman zafin da aka yi hasashe na gobe, daga sanarwar NiMet ta kullum a shafinta ko a rediyo, ka kwatanta da manhaja ɗaya. In sun saɓa, ɗauki mafi muni. Haɗa su kamar yadda muka yi a mataki na 4 da na 5. Wannan ce lambar farko. Sai ka gyara ta da abubuwa huɗu.

Dare. Wannan ya fi sauran nauyi a wurina. In zafin asuba bai sauko ƙasa da 26 ko 27 ba, jiki bai huta ba, ɗakin kwano bai huce ba, mutum zai shiga yini da bashin jiya. Yawancin mutanenmu a can cikin mota suke kwana, ko ɗaki ɗaya mutum shida ba wuta. Dare biyu irin haka a jere, ko lambar rana ba ta ƙaru ba, ni ina ɗaga gargaɗin mataki ɗaya. Rana ta uku da ta huɗu su ne masu kayar da mutane.

Iska. A bakin teku akan samu iska mai ɗan sanyi daga ruwa bayan rana ta take. Tana rage zafi amma tana ƙaro laima, kuma unguwannin Legas da ke nesa da ruwa kamar Agege da Ikeja sukan gasu kafin ta iso. Mafi munin awanni su ne daga hantsi zuwa shigowarta. In hasashe ya nuna iska ta kwanta duk yini, ƙara.

Gajimare da ruwa. Hadari mai ƙarfi da ruwa sosai da rana yana karya zafin, sai ka rage. Amma yayyafin safe da rana ta biyo bayansa ƙara wuta yake, ƙasa ta yi ta turiri. Kada ka ga alamar ruwa a waya ka ce an tsira, duba ƙarfe nawa zai sauka.

Hazo. In ragowar hunturu ta sake kai wa bakin teku ziyara, makin raɓa zai faɗi warwas, a samu sauƙi na kwana biyu ko uku. Ranar da ya janye, laima kan dawo da ƙarfinta alhali mutane sun saki jiki.

Kada ka wuce kwana uku. Bayan haka sai dai ka ce makon zai yi nauyi, ba ka faɗi lamba ba.

In data ta ƙare, kira wani da ke can da asuba ka yi masa tambaya uku: kayan da aka shanya jiya sun bushe? Ka iya barci, ko ka kwana kana juyi cikin zufa? Ganyen bishiya na motsi? Kaya ba su bushe ba, barci ya gagara, ganye tsit, sama kuma garau, to ranar haɗari ce ko ba ma'auni.

7. Duba waye zai shiga zafin

Lamba ɗaya ce, amma jiki ba ɗaya ba. Wanda ya sauka daga Arewa jiya yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba da laima, direban da zai kwana biyu ya juyo kuwa ba ya sabawa sam. Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu, masu hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa, duk ka ɗaga musu mataki ɗaya. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai kan mugun lokacin, don haka mai azumi ya tsara aikinsa mai nauyi da dare ko bayan sahur, matafiyi kuma ya tambayi malamai sauƙin da shari'a ta yi masa.

Maniyyata ma su koyi wannan. A Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Makka ba a bakin ruwa take ba, amma Jidda tana kan Bahar Maliya, laimarta daban ce, don haka a duba kowane gari da nasa.

8. Aika saƙon da za a iya aiki da shi

Kada ka tura wa direba makin raɓa. Ni launi uku nake amfani da su, kore ƙasa da 32, rawaya 32 zuwa 39, ja daga 39, kuma da murya nake aikawa a WhatsApp don ba kowa ke karatu ba. Kamar haka: "Salamu alaikum. Gobe Legas ja ce. A sauke kaya kafin ƙarfe 10, ko a bari sai bayan la'asar. Kowa ya riƙa shan ruwa kafin ƙishirwa, a huta a inuwa duk bayan rabin awa. Kada a bar kowa ya kwanta cikin mota a rufe."

Ka koya musu alamu. Zufa mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, fitsari ya yi ja ya ragu: a tsaya, a shiga inuwa, a sha ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Amma in mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya daina gane mutane, ko ya suma jikinsa zafi rau, ko da yana zufa, wannan ba na jira ba ne. A cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a wuya, hammata da matsematsi, a kira 112 ko a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Kada ka riƙa kiran ja kullum don tsoron kuskure. Na yi haka a farko, cikin mako biyu suka daina sauraro.

9. Rubuta, ka gwada kanka

Ja layi shida a littafi: kwanan wata, zafin asuba, zafin rana, makin raɓa, abin da ka yi hasashe, abin da ya faru. Ka bar fili a gefe don abin da mutanen can suka faɗa da bakinsu. Duk Juma'a ka ƙirga sau nawa ka dace. A nawa littafin na gano filin jirgin Legas da ke Ikeja yakan nuna ƙasa da abin da suke ji a cikin kasuwa, tsakanin kwalta, rumfunan kwano da hayaƙin motoci, don haka yanzu digiri 2 nake ƙarawa duk lokacin da lodin na Mile 12 ne. Kai ma bayan bazara ɗaya za ka san nawa za ka ƙara wa naka wurin, sai ka rubuta shi da jan biro a saman shafin jadawalin.